Rijista Ta Manta

"Wayyo cikina! Manaja, miƙo min bokitin nan!"

Ya fito daga kicin da gudu, cokali a hannu, ya tura mata bokitin da ƙafa sannan ya durƙusa ya tallafe mata goshi. Karo na shida ke nan tun wayewar gari, ga shi ko ƙarfe tara ba ta yi ba.

"Sannu, Rijista, sannu. In kawo shayin?"

"Kar ma ka ambace shi."

"To burodi fa? Ko ƙwai ɗaya tak?"

"Don Allah ka daina jera min sunayen abinci, kai ne kake ƙara tayar min da zuciya!"

Ya ci gaba da shafa mata baya. Cikinta wata uku ne da 'yan kwanaki, kuma mako biyar ke nan duk abin da ya shiga bakinta sai ya dawo ta inda ya bi.

Manaja da Rijista ba sunayensu na yanka ba ne. Shagon wanki da guga gare su a gaban gidan, ƙofar baya ta shagon tana buɗewa cikin tsakar gida. Ma'aikata biyu ne a kamfanin, shi da ita. Ita ta laƙaba masa Manaja, wai ko kamfani ya kai ƙanƙanta dole a samu wanda za a ɗora wa laifi. Ita kuwa masu kawo wanki ne suka sa mata Rijista. Ƙa'idar shagon ita ce duk rigar da aka kawo sai an yanko ɗan farin ƙyalle, a rubuta lamba da biro, a maƙala da fil a wuyanta. Manaja ba ya bambanta rigar malamin makaranta da ta direba sai ya duba ƙyallen. Ita ba ta taɓa dubawa ba. Mutum zai shigo bayan wata biyu, kafin ya buɗe baki ta ce, "Wando biyu da shuɗiyar riga mai tabon mai a aljihu, kuma maɓalli na uku dama a tsinke ka kawo ta, kar ka fara."

Haɗuwarsu ma ta hanyar aiki ce. Ta kawo mayafi guga, ya ƙona shi. Ya je gidan kawunta, wanda ya riƙe ta tun rasuwar iyayenta, don ya ba da haƙuri. Sau bakwai ya je, abin da ya ɗan zarce adadin da mayafi ɗaya yake buƙata.

Sallamar Inna ce ta katse su. Mahaifiyarsa ce, shi ne autanta. Ta shigo tana dafa bango saboda gwiwarta ta hagu, ta dubi bokitin, ta dubi surukarta.

"Har yanzu? Allah sarki 'yar nan, kin koma kamar tsinke."

"Ina kwana, Inna. Ya gwiwar?" Da ƙyar muryar ta fito.

"Ke rabu da gwiwa, ta kanki za ki yi."

"Inna, ni dai asibiti nake so mu je yau," in ji Manaja.

"Asibitin me, Auta? Bakwai na haifa, kowanne sai da na yi amai har na ga taurari. Laulayi ne. Ka kai ta su kwantar da ita a kan benci tun safe har la'asar, su yi ta yi mata tambayoyi kamar ta yi sata? Ruwan jikinta ne ya ƙare, ƙarin ruwa kawai take so. Na riga na yi wa mai allura magana, yana hanya."

Mai allura mutum ne mai fara'a da jaka baƙa. Kowa a layin ya san ya yi shekara tara a babban asibiti, kuma gaskiya ne. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne a bakin get ya yi su, yana buɗe wa motoci. Ya cire kalandar da ke bango, ya rataye ledar ruwa a ƙusar, ya nemo jijiya a karo na uku.

"Wannan mai sukari ne, madam, original," ya ce yana ɗan ƙwanƙwasa ledar da yatsa. "Leda uku, kwana uku, za ki tashi ki yi tsere da mota."

Inna ta zauna a bakin gado kwana ukun nan cur, tana yi mata fifita, tana goge mata baki, tana ƙirga ɗigon ruwan kamar ita ma ta san abin da take ƙirgawa. Wanda ya ce ba don ƙauna ta yi ba, ya ɗauki alhakinta.

Ran kwana na huɗu da hantsi, Manaja ya leƙo daga shago da dutsen guga a hannu.

"Yaya jikin?"

Ta ƙura masa ido. "Manaja, yaushe ka zama biyu? Ɗayan ma da ƙyar nake iyawa da shi."

Ya fashe da dariya, har ya ji daɗi cewa tsokanar ta dawo. Sai ya matso. Ƙwayar idonta tana rawa, tana zuwa gefe tana dawowa, kamar allurar sikeli. Ta yunƙura za ta tashi, ƙafafun suka harɗe, ta tafi luuu ta bugi ƙofa. Ya tare ta.

"Sake ni mana, Umma tana jirana a waje," ta ce.

Umma, mahaifiyarta, ta shekara goma sha huɗu a kabari.

Bai nemi shawarar kowa ba a wannan karon. Ko dutsen gugan bai kashe ba, sai maƙwabciya ce ta ji ƙauri.

Likitar da ta karɓe su a asibiti 'yar siririya ce mai tabarau, ba ta da yawan magana. Ta haska idon, ta ce a miƙar da ita ta taka, ta tambaye ta yau wace rana ce. Sannan ta juyo.

"Mako nawa tana amai?"

"Biyar... ya kusa shida."

"An ba ta wani abu a gida?"

"Ƙarin ruwa kawai, dokta. Mai sukari. Leda uku."

Likita ta cire tabarau ta goge, duk da ba su yi datti ba. Ta ba nas umarni da sauri, aka fara allura nan take, sannan ta ja shi gefe.

"Akwai wani bitamin, B1, mu muna ce masa tayamin. Da shi ƙwaƙwalwa take sarrafa sukari ta samu ƙarfi. Jiki ba ya ajiye shi da yawa, na mako biyu ne zuwa uku, daga abinci ake samunsa kullum. Matarka ta daɗe ba abin da ke zama a cikinta, nata ya kusa ƙarewa. Da aka ɗura mata sukari ba tare da bitamin ɗin ba, sai jikin ya ƙone ɗan ragowar a kan sukarin. Kamar ka sa injin wankinka ya yi ta juyi alhali ba mai a cikinsa."

"Za ta warke?"

"Idon zai daidaita, ina sa rai. Tafiyar ma a hankali. Cikin kuma za mu yi iya ƙoƙarinmu. Amma wajen da ke riƙe sabon abu a ƙwaƙwalwa ya taɓu. Abin da ta sani da, yawancinsa yana nan. Abin da zai faru yau, ƙila kafin la'asar ya goge. Wasu suna samun sauƙi, wasu kaɗan, wasu babu. Kuma ka riƙe wannan: za ta riƙa faɗin abin da bai faru ba. Ba ƙarya ba ce. Ƙwaƙwalwa ce take ganin gurbi, sai ta cike shi da duk abin da ta samu."

A baranda Inna ta tare shi, idonta jawur. "Me suka ce, Auta?"

Ya dubi tsohuwar da ta kwana uku tana fifita. "Sun ce aman ne ya yi yawa, Inna."

Rabin gaskiya ne, kuma da shi ya zauna.

Idon ya daidaita cikin kwanaki. Tafiyar ta ɗauki watanni, sai da sanda. Cikin ya tsaya, Allah da ikonsa, kuma a wata na tara aka haifi 'yar mitsitsiyar yarinya mai zagayayyar fuska. A shago suna da gwangwanin da suke tara maɓallan da suka faɗo daga rigunan mutane. Manaja ya dubi jaririyar ya ce, "Wannan ai daga gwangwaninmu ta faɗo." Shi ke nan ta zama Maɓalli.

Washegari da safe Rijista ta buɗe ido ta ga jaririya a gefenta.

"Kai, masha Allah! Ta wace ce wannan?"

"Taki ce."

"Manaja, ban son wasa."

"Wallahi taki ce. Tamu."

Ta ɗaga ta, ta duba yatsun ɗaya bayan ɗaya, sai hawaye. "Ni na haife ta? Ban sani ba?"

Haka aka yi jibi. Haka aka yi gata. Mata da yawa sau ɗaya suke jin daɗin ganin ɗan fari. Ita kullum sai ta ji, kuma kullum sai ta biya da kuka.

Mako na uku Manaja ya zauna a bakin teburin guga ya rasa abin yi, idonsa ya sauka a kan tulin ƙyallayen lamba. Ya daɗe yana kallonsu. Ranar ya ja igiya daga taga zuwa ƙofar ɗaki, daidai inda idonta zai fara sauka, ya yanka ƙyallaye masu ɗan faɗi, ya maƙala da fil a jere.

Na ɗaya: Kin yi rashin lafiya, kina samun sauƙi. Na biyu: Jaririyar taki ce, muna ce mata Maɓalli. Na uku: Manaja yana shago, ki buga ƙofar baya. Na huɗu: Ki sha ƙwayar bitamin da ke kan taga, in kin sha ki juya kwalbar.

Ta karanta, ta dube shi. "Ni ce yau ake sa wa lamba kamar wandon kwastoma?"

"Sori, madam. Dokar kamfani ce."

"To rubutunka ya yi muni. Ba ni biron."

Daga nan ita ma ta riƙa ƙara nata. Kowace safiya sai ta bi igiyar tana karantawa da ƙarfi, domin likita ta ce abin da kunne ya ji ya fi zama.

Amma igiya ba ta hana komai da komai. Wata ranar Laraba aiki ya yi wa Manaja yawa, Rijista ta yi wa Maɓalli wanka, ta shafa mata mai, ta sa mata riga. Jim kaɗan ta dube ta ta ce yarinyar nan ba a yi mata wanka ba. Sau huɗu kafin azahar. Maɓalli ta kwashi mura ta kwana biyu tana atishawa. A makon ne kuma Yaya, babbar yayar Manaja, ta zo dubiya da ƙawayenta biyu. Aka nemi tawul ɗin jaririya ba a gani ba, Rijista ta ce da fara'arta, "Ai Inna ce ta zo jiya ta tafi da shi a jakarta, ta ce ya yi mata kyau." Tawul ɗin yana kan igiyar shanya. Inna kuwa ta kwana biyar ba ta taka gidan ba.

Kafin magariba labarin ya isa inda za shi, ya ƙara ƙiba a hanya.

Aka kira Manaja gidan Inna. Ta zauna ta miƙe ƙafar hagu, Yaya tana tsaye ta riƙe ƙugu.

"Ni ce ɓarauniyar tawul, Auta? Da furfurata? A gaban baƙi?"

"Inna, ba ta san ta faɗa ba. Likita ta ce..."

"Likita, likita!" Yaya ta katse shi. "Kai dai an shanye ka. Mutum ya manta sunan 'yarsa amma bai manta yadda ake ƙulla sharri ba? Wannan taɓin hankali ne, kuma a danginsu yake. Waye ya san abin da ya kashe uwarta?"

"Yaya, haɗarin mota ne ya kashe ta."

"To ma dai! Yau wanka huɗu, gobe ta ɗora ruwan zafi ta manta, ta tsoma mana yarinya. Sai ka rubuta wa ruwan zafin ƙyalle?"

Wannan ta shige shi, domin shi ma ya sha tunaninta.

"Na sa fil a rigar Maɓalli yanzu. In an yi wanka sai a maƙala jan ƙyalle. Risho kuma na mai da shi shago."

"Ji wani zance! Gida ne ko ofishin 'yan sanda?"

Inna ta ɗaga hannu. Muryarta ta sauka, abin da ya fi faɗan tsoro. "Ba na ƙin yarinyar nan, Allah ya sani. Amma jikata ba abin gwaji ba ce. Ka mai da ita wajen kawunta su yi jinyar abarsu, ka ba ta takardarta cikin mutunci. Yarinya kuma ni zan riƙe. Ran Asabar zan zo in ɗauke ta. Kai yaro ne, ka rame, ka tsufa a shekara ɗaya. Ita ko ka sallame ta, kafin la'asar ta manta. Kai ne ba za ka manta da wahala ba."

Kalma ɗaya ce a bakinsa wadda za ta rufe bakin kowa. Ledar ruwa uku, ƙusar kalanda. Ya dubi gwiwar da ta kumbura, ya haɗiye ta.

"Inna, ki gafarce ni. Ban taɓa yi miki musu ba. Amma ita ta manta ne, ni ban manta ba. Na san wadda na aura."

"Asabar," in ji Inna.

Da ya koma gida ya tarar da ita tana ninke kayan jaririya, ninki irin na shago, kowace kusurwa daidai. Hannu bai manta aikinsa ba.

"Ina ka je, fuskarka kamar rigar da ba a goge ba?"

"Wajen Inna."

"Ya gwiwarta? Ka ce mata ta daina hawa matakalar nan." Ta matso ta gyara masa wuyan riga. "Wai ka biya ni mayafina kuwa?"

"Shekara huɗu ina biya."

"Saura," ta ce, ta yi dariya.

Ya juya ya shiga banɗaki, ya buɗe famfo don kada ta ji.

Ran Asabar da ƙarfe takwas mota ta tsaya a ƙofar shago. Yaya ta tare Manaja a bakin kantar shago ta buɗe sabon babi, Inna kuma ta zagaya ta shiga cikin gida da babbar jaka.

Rijista tana zaune a bakin gado, ta gama kukan safiyar, Maɓalli tana shan nono.

"Lale, Inna! Sannu da zuwa! Ina kwana? Ya gwiwar? Zauna nan, kujerar can ta yi ƙasa, za ki sha wuyar tashi."

Inna ta amsa a taƙaice, ta buɗe durowa ta fara zuba kayan jaririya a jaka.

"Wanki za a kai? Ai da kin bari, Manaja zai yi. Inna, kin ga wai 'yata ce. Kin ga hancin? Naku ne sak, ba ta ɗauko ni ko kaɗan ba." Ta ɗaga kai ta ga igiya. "Bari in gama karatuna, an rubuta a nan in riƙa yi da ƙarfi. Na tsaya a na shida."

Inna ta ci gaba da ninke hula.

"Na shida: In jan ƙyalle yana rigar Maɓalli, an yi wanka, kar ki sake. Oho, to. Na bakwai: In kin faɗi abu mutane suka dubi juna, ki ce ƙila na ruɗe, ki ba da haƙuri. Na takwas... wannan rubutuna ne. Na tambayi dokta da kaina. Ruwan sukarin da aka ƙara min a gida ne ya ƙarasa cinye bitamin ɗin, shi ya taɓa min kai. Na tara, shi ma nawa ne: Kada a gaya wa Inna. Ita ta kawo mai allura, don tana sona ta yi, kwana uku tana min fifita in ji Manaja. In ta ji ba za ta yafe wa kanta ba. In ta yi faɗa, gwiwarta ce ke ciwo."

Ta tsaya. Ta dubi ƙyallen, ta dubi Inna, ta rufe baki da hannu.

"Innalillahi! Inna, don Allah ki yi kamar ba ki ji ba. Na roƙe ki. Wallahi ba laifinki ba ne, kowa ma haka zai yi..."

Hular ta faɗi daga hannun Inna. Ta lallaba ta zauna a kujerar da aka ce ta yi ƙasa. Idonta ya tafi kan bango, inda kalanda ta koma kan ƙusarta tuntuni.

Maɓalli ta ƙware, ta fara tari. Rijista ta ɗora ta a kafaɗa tana bubbuga bayanta, tana yi mata 'yar waƙa, ta kai ta taga ta dawo. Bai fi minti biyar ba. Da ta juyo sai fuskarta ta washe.

"Lale, Inna! Yaushe kika shigo ban ji ba? Ina kwana? Ya gwi... Inna, kuka kike yi? Gwiwar ce?"



"Ita ce, 'yar nan," in ji tsohuwar. "Gwiwar ce."

"Allah sarki. Riƙe min ita, in ɗauko man zafi."

Ta ɗora mata jaririyar a cinya, ta durƙusa a ƙasa, ta ɗage zanen kaɗan ta fara murzawa a hankali, daga ƙasa zuwa sama, yadda ta saba yi mata tun kafin ciwo. Hawayen Inna suna sauka a kan ɗankwalin Rijista.

A haka Manaja ya same su, Yaya tana bayansa tana cewa, "Inna, direba fa yana jira!"

"Ya yi ta jira." Inna ta share fuska da gefen mayafi. "Auta, zo nan. Shekara guda kana kallona ina zagin yarinyar nan, ka san abin da ka sani, ka yi shiru?"

Ya dubi igiyar, ya gane. Ya sunkuyar da kai. "Ita ta ce kar a faɗa, Inna. Sau uku tana tambayar likita, sau uku tana cewa kar a faɗa. Na ukun ne ta rubuta."

"Wai me ake ciki?" in ji Yaya.

"Je ki karanta na takwas da na tara. A zuci, ke kam. In kin gama ki zazzage jakar nan, ki mai da komai inda yake."

Yaya ta karanta. A iya sanin dangi, wannan ne karo na farko da ta shiga ɗaki ta fita ba ta ce komai ba.

Inna ta sa aka kawo ƙyalle da biro. Rubutu ba ya cikin abubuwan da ta ƙware a kai, sai ta ba Manaja. "Cire na taran. Rubuta: Inna ta sani. Ta nemi gafara."

"Gafarar me?" Rijista ta tambaya tana kallonsu ɗaya bayan ɗaya.

"Za ki gani gobe da safe. Ki dai ce kin yafe."

"Na yafe mana. Ko me ye."

"Ƙara wani," in ji Inna. "Inna tana zuwa kullum ƙarfe takwas, ita ce mai ruwan zafi. Kuma ta fi son shayi ba sukari." Ta ja tsaki. "Na gama da sukari."

Haka aka yi. Kullum ƙarfe takwas Inna tana ƙofar gida da gwiwarta, ta haɗa ruwan wanka, ta tsaya a kan kwalbar bitamin har sai an juya ta, ta tabbatar an ci wake da ƙwai da nama kamar yadda likita ta rubuta. Tana karɓar gaisuwa sau uku ko huɗu a wuni, tana amsa kowace kamar ta farko. Mai allura kuwa ta same shi har gida. Ba a san abin da ta gaya masa ba, an dai ga ya koma sayar da katin waya. Duk mai cikin da ta ji tana amai fiye da kima a layin, sai ta ga Inna a kanta da mayafi, ta tasa ta gaba zuwa asibiti, ko mijin ya so ko bai so ba.

Ba za a ce Rijista ta koma yadda take ba, domin ba ta koma ba. Igiyar tana nan har yau, ta ma zama biyu. Ta dawo shago tana guga, kuma yanzu tana duba lamba kamar kowa. Tsofaffin kwastomomi har gobe tana gaya musu maɓallin da suka tsinke shekara biyar da suka wuce. Sababbi kuwa kullum sai ta yi musu maraba ta farkon zuwa, wasu ma sun ce abin ya fi musu daɗi.

Wata safiya, Maɓalli tana da wata goma sha ɗaya, Manaja yana tsaye a tsakar gida yana shanya. Daren jiya ya kwance igiyoyin don ya sake rubuta ƙyallayen da suka koɗe, ya manta bai mayar ba. Sai ya ji murya daga ɗaki.

"Manaja! Ina Maɓalli? Ba na jin motsinta."

Ya tsaya da jiƙaƙƙen zane a hannu. Ya leƙa. Babu ƙyalle ko ɗaya a ɗakin.

"Wa kika ce?"

"Maɓalli mana, 'yata! Kai ma ka fara mantuwar ne?"

Inna tana bakin ƙofar kicin da yarinyar a goye. Ta dube shi, ya dube ta. Zanen ya faɗi a ƙasa, ya kwashi ƙasa, kuma manajan kamfanin bai ko kula ba.

"Tana nan, 'yar nan," in ji Inna. "Tana bayana."

"To shi kuma me ya sa yake kuka? Shi ma gwiwar ce?"

Darasin ba mai tsawo ba ne. Aman mai ciki in ya ƙi tsayawa, asibiti ake kai shi da wuri, kuma ledar ruwa ba kayan ado ba ce da kowa zai rataya a ƙusa. Mai irin wannan ciwo in ya faɗi abin da bai faru ba, a tuna rauni ne yake magana, kada a yi masa hukuncin maƙaryaci. Kyakkyawar niyya takan yi ɓarna in ba ta tambayi masu sani ba, amma mai ita in ya gane ya gyara, ana karɓa. Haƙuri kuwa bai yi wa Manaja alkawarin dawo masa da komai ba. Kalma ɗaya ya dawo masa da ita, bayan wata goma sha ɗaya, kuma duk wanda ya gan shi a ranar ya san bai ga an rage masa komai ba.